Haƙori Ba Ya Shaida Sai da Rajista

'Yan'uwa ɗalibai, a jikin ɗan Adam babu abin da ya kai haƙori jure wa wuta da ruɓa. Amma shaidarsa ba ta tsayuwa sai an gwada shi da abin da likita ya rubuta tun mai shi yana raye. Bayan ambaliyar teku ta 2004 a Tailan, yawancin Turawan da aka gane gawarsu, ta haƙora aka gane su. 'Yan ƙasar kuwa, da yawa ba su da rajistar. Mu fa? In ba a gane gawa ba, mace tana nan tsakanin aure da takaba, gado kuma ya tsaya. Ku da za ku riƙe ma'aikatun lafiya gobe, ku wajabta wa asibitoci adana bayanin haƙoran duk wanda suka duba.