Kwarkwaron Fatsar Turawan Ingila Da Darajar Aikin Hannu

Shekarun baya na halarci wani taron masana harshe a birnin Nottingham na ƙasar Ingila. Ranar da aka tashi da wuri, sai na fita shan iska a gaɓar Kogin Trent, inda na tarar da wani dattijo tsaye da sandar fatsa a hannu. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani ɗan faifan ƙarfe da ke maƙale a gindin sandar, yana juyawa shi kaɗai, zare na warwarewa a hankali yana bin ruwa, alhali dattijon bai murɗa komai ba. Da ya ga na ƙura ido, sai ya naɗe zarensa, ya cire faifan ya miƙo mini, ya ce in hura masa iska. Na hura, ya kama juyi babu ƙara ko kaɗan. Ya shaida mini cewa mutum ɗaya ne ya ƙera shi a wani ɗan ɗaki a bayan gidansa, kuma sai da ya yi jiran fiye da shekara kafin layi ya zo kansa.

Tun daga ranar wannan ɗan ƙarfe yake yi mini yawo a zuciya, domin ya ci karo da wani ra'ayi da ya yi kanta a tsakaninmu 'yan boko, wato ɗaukar cewa duk abin da hannu ya ƙera alama ce ta koma-baya, kuma kayan aiki bai cika na zamani ba sai an cika shi da giya da maɓallai.

Bari in fara da bayanin abin, saboda mai karatun da bai taɓa ganinsa ba. Zan kira shi kwarkwaro, tun da aikinsa ɗaya ne da kwarkwaron masaƙa ko na keken ɗinki, wato naɗe zare da sakinsa. Sunan da Turawa suka ba shi kuwa ma'anarsa ita ce ƙusar tsakiya. Sassansa manya biyu ne kawai: marfin baya, wanda ake ɗaure wa sanda, da kuma faifan da zare ke naɗe a kai. A cibiyar marfin akwai wata ƙusa ta ƙarfe mai tauri da aka goge har ta yi santsi, ita ake zura wa faifan. A irin na asali, nauyin faifan yana sauka ne a kan tsinin ƙusar, inda ya haɗu da wani ɗan noti da ake iya ɗaurewa ko sassautawa. Wasu maƙeran yau suna sa boris a maimakon haka. Faɗin faifan yawanci inci 4 ne zuwa 4 da rabi. Babu giya a ciki, saboda haka juyi ɗaya na hannu juyi ɗaya ne na faifai. Birki kuma babban yatsan masunci ne, wanda yake ɗorawa a bakin faifan.

To, mene ne amfanin wannan sauƙin ƙira? Masu fatsa a kogunan Ingila suna da wata dabara ta sakin koto ya bi igiyar ruwa daidai da saurin ruwan, tare da ɗan wani abu mai tasowa a sama da ke nuna cizon kifi. Idan koto ya yi tafiyar da ta saɓa wa ta ruwan, kifi kan tsargu ya ƙi ci. Saboda haka ake bukatar faifan da jan ruwa kaɗai zai iya tayar da shi. Masu sanin abin sun ce tsawon lokacin da faifai ya ɗauka yana juyi ba shi ne ma'aunin ingancinsa ba, abin dubawa shi ne ƙanƙantar ƙarfin da zai sa ya fara motsi. Nan ne gwanintar maƙeri take. Dole ya rage wa faifan nauyi ta hanyar huda shi, ya daidaita shi yadda babu ɓangaren da ya rinjayi wani, ya kuma bar tazara tsakanin faifai da marfi wadda ba za ta sa su gogi juna ba, ba kuma za ta bar siririn zare ya faɗa ciki ba.

Tarihin abin ma yana da ban sha'awa. Hoto mafi daɗewa da aka sani na kwarkwaron fatsa yana cikin wani zane na Ma Yuan, mai zanen ƙasar Sin, na wajen shekarar 1195. Amma irin wanda muke magana a kai ya bunƙasa ne a ƙarni na 19 a gaɓar Trent, inda ake sassaƙa shi da katako, a ƙarfafa bayansa da tagulla, har ana kiransa da sunan Nottingham. A shekarar 1896 kamfanin Allcock na garin Redditch, garin da ya shahara da ƙera allurai da ƙugiyoyi, ya fito da samfurin Aerial bisa ƙirar wani mutumin Nottingham mai suna Henry Coxon. Hikimarsa ita ce ya riƙe faifan da siraran wayoyi irin na ƙafar keke, sai nauyi ya ragu ƙwarai. Har gobe masu ƙirar hannu wannan tsari suke kwaikwayo.

Sai kuma kishiya ta zo. A shekarar 1905 Alfred Holden Illingworth, ɗan gidan masu masaƙar ulu a yankin Bradford, ya yi rajistar wani kwarkwaro wanda faifansa ba ya juyawa idan an yi jifa, zaren ne ke zamewa daga bakinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da zaren nailan ya wadata, kuma samfurin Mitchell na Faransa ya cika kasuwa, kusan kowa ya koma ga sabon, domin ko yaro zai iya jifa mai nisa da shi a ranar farko. A shekarun 1960 shi kansa kamfanin Allcock ya shiga hannun Shakespeare na Amurka. Da ƙa'idar da muka haddace a aji gaskiya ce a ko'ina, da nan labarin tsohon kwarkwaro ya ƙare. Amma ga shi yau ana ƙera shi da alminiyam a ƙananan ma'aikatu, ana sayen na hannu da ɗaruruwan fam, har ya ƙetara zuwa Kanada da Amurka, inda ake kama manyan kifaye da shi a kogunan da ke malala cikin Manyan Tafkuna.

A ganina dalilai biyu ne suka raya shi. Na farko, akwai aiki guda da ya fi sabon iyawa, kuma masu amfani da shi ba su ji kunyar faɗin haka ba. Na biyu, wanda ya fi shafar fannina, shi ne sun adana shi a cikin harshe. Kowane sashe nasa yana da suna a rubuce. Dukan bakin faifan da tafin hannu don a naɗe zare da sauri yana da kalmarsa. Akwai wani salon jifa mai wuyar koyo da har yau ake kira da sunan F.W.K. Wallis, wani gwanin Nottingham da ya yi suna a Kogin Avon na Hampshire a shekarun 1930. An san wanda ya ƙera wane samfuri, an san shekarar, an buga a littattafai da mujallu. Saboda haka matashin da ya tashi koyon ƙirar bayan shekara ɗari yana da inda zai dosa.

Na san wani zai ce wannan ai wasan masu ƙoshi ne. Gaskiya ne, domin yawancin masu irin wannan fatsa mayar da kifin suke yi ruwa bayan sun kama, kuma doka ma ta hana su yi a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwan kifi. Masuncinmu kuwa tuwon dare yake nema, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ban ce a kawo masa kwarkwaron Ingila ba, ba shi da bukatarsa. Abin da nake so mu ara shi ne ɗabi'ar girmama mai ƙira da kalmarsa, kuma wannan ba ta bukatar fam ko ɗaya.

Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji su bambanta mini homa da koma da taru da birgi da mamari. Kaɗan ne suka iya, alhali dukansu da Hausa suka buɗe baki. Ban ga laifinsu ba, domin ni kaina na duba kundayen digiri masu yawa ban taɓa tura ɗalibi ko ɗaya bakin ruwa ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Kowa yana tambayar nauyin kifin da ya zo na ɗaya a Matan Fada. Mu nawa ne muka taɓa tambayar wanda ya saƙa homar da ta kamo shi, ko sunan ƙullin da ya yi amfani da shi? A wannan shekara ta 1934 ne aka buga ƙamus ɗin Bargery, kuma har yau can muke komawa neman ma'anar kalmomin sana'o'inmu, bayan shekara 90 da ɗoriya.

Don haka ina kira ga abokan aikina a sassan nazarin harsunan Nijeriya da mu riƙa tura ɗalibai wurin Sarkawa da maƙera da masaƙa, su ɗauki murya da hoto, su rubuta sunan kowane sashe na kayan aiki da yadda ake haɗa shi, su kuma rubuta sunan gwanin da ya koya musu, da izininsa. Gidajen tarihi su riƙa sa sunan mai ƙira a gefen abin da ya ƙera. Mu kuma ma'aikata, idan mun sami aikin hannu mai inganci, mu biya shi kuɗinsa ba tare da cinikin wulaƙanci ba, domin ɗan maƙeri ba zai gaji sana'ar da ya ga ta bar mahaifinsa cikin talauci ba.

Allah Ya sa mu gyara tun gwanayen suna raye, amin.