Wa ya ba shi ƙwallon da ya ci?

A ƙarshen watan Yunin bara, ranar da muka rufe lakwal, mun yi ɗan biki kamar yadda muka saba a nan Anu Araren. An aro kujeru, an shimfiɗa tabarmi, iyaye mata sun zauna gefe guda cikin inuwa. Bayan an kira na ɗaya da na biyu da na uku na kowane aji, sai aka zo kan 'yan ƙwallo. Kyauta ɗaya ce tak, riga da takalmi, da wani mai shago ya taimaka mana da su. Ni na miƙa ta da hannuna ga yaron da ya fi kowa jefa ƙwallo a raga. An yi tafi, an yi guɗa, an ɗauki hoto. Ban ga laifin komai ba a ranar.

A bayan layi akwai mai tsaron gidanmu, yana tafi kamar kowa. Wannan yaro a watan Oktoba, idan aka bugo masa ƙwallo, juya baya yake yi ya rufe ido. Kafin watan Mayu ya tare fenariti biyu a wasa ɗaya. Shi ke kai ƙwallo wurin mai faci idan ƙaya ta huda ta, shi ke ɗauko jarkar ruwa, shi ke ja layin fili da toka kafin mu iso. Ban ambaci sunansa ba ko sau ɗaya a gaban mahaifiyarsa, wadda ke zaune tana kallo. Da aka koma lakwal bai zo fili ba. Kafin hutun Disamba ya daina zuwa aji, daga baya na ji ya bi wansa wajen haƙar zinariya.

Ba na cewa rashin riga ne ya kai shi can. Talauci ya fi ni ƙarfi, kuma tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 babu malamin jihar Agadas da bai ga kujeru suna zama wayam a ajinsa ba. Rufe mahaƙar COMINAK a Akokan ranar 31 ga Maris 2021 ya ƙara dagula lissafin gidaje da yawa a wannan yanki, har da waɗanda ba su taɓa shiga rami ba. Amma na san abu ɗaya. Yaron nan ba gwanin lissafi ba ne, ba gwanin Faransanci ba. Fili ne kawai wurin da yake jin yana da amfani a makarantar, kuma a wurin nan ɗaya ma mun nuna masa ba mu gan shi ba. Wannan kam laifina ne, ba na talauci ba.

Abin da nake so in ce wa 'yan'uwana malamai da iyaye shi ne, yadda muke yabon yara a wasa ya yi ƙunci ƙwarai. Muna ƙidaya abu ɗaya, wato ƙwallon da ta shiga raga, saboda shi ne mai sauƙin ƙidaya. Duk abin da ya haifi wannan ƙwallon, da duk nisan da yaro ya yi daga inda ya fara, ba ya shiga littafinmu.

Ku tuna watan Oktoban 2010, lokacin da Mena ta doke Masar da ci ɗaya da nema a filin Seyni Kountché na Yamai. Kowa ya san Moussa Maâzou ne ya ci. To amma Masar ɗin nan ita ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Kafin ƙwallo ɗaya ta ishe ka a gabansu, sai wasu mutane sun yi minti casa'in suna hana su ci. Je ka tambayi matasa a fada su lissafo maka 'yan bayan da suka yi wannan aiki. Wannan nasara tana cikin abin da ya kai mu gasar Afirka ta 2012 karo na farko a tarihinmu, amma sunan mutum ɗaya muka riƙe. Idan manya haka muke musu, ina ga yaro ɗan shekara goma sha biyu?

Akwai wani wasa da ba mu da shi, kuma da wuya mu taɓa samunsa a ƙasar da ƙanƙara sai a firji: hoki na kan ƙanƙara, wanda mutanen Kanada ke ji da shi kamar yadda muke ji da kokawa. Suna zamewa a kan daskararren ruwa da takalma masu ƙarfe, suna tura wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Ba wasan ne ya dame ni ba, yadda suke rubuta sakamakonsa ne ya ja hankalina. Idan aka ci, ana rubuta sunan wanda ya ci, sannan a rubuta har mutum biyu da suka miƙa masa kafin ya ci. Kowane ɗayansu maki ɗaya yake samu, daidai da na mai cin. Wayne Gretzky, wanda da yawa ke ɗauka shi ne gwanin gwanayen wasan, ya ci 894 a babbar gasarsu, amma ya miƙa wa wasu sau 1,963. Da a ce bai taɓa ci da kansa ba ko sau ɗaya, miƙawar nan kaɗai ta isa ta sa ya fi kowa maki a tarihin gasar. Suna kuma da kofi na musamman, Selke, da ake ba ɗan gaban da ya fi kowa komowa baya ya taya tsaro.

Yaron da ya tashi a cikin irin wannan lissafi ya san cewa idan ya ba abokinsa, ba asara ya yi ba. Namu kuwa fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin makaranta ya ga yaro yana riƙe ƙwallo, abokinsa na tsaye shi kaɗai gaban raga yana ihu, amma ya gwammace ya buga ta tafi cikin ƙaya. Sai mu ce masa mai son kai. Mu muka koya masa. Ya duba ya ga wa ake ba riga.

A wajen mutanen hokin ne kuma aka fara lura da wani abu da ya fi shafarmu mu malamai. A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam na Kanada, Roger Barnsley, ya lura cewa a cikin zaɓaɓɓun 'yan wasa, waɗanda aka haifa a watannin farkon shekara sun fi na ƙarshenta yawa nesa ba kusa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana raba yara rukuni-rukuni ne daga 1 ga Janairu, saboda haka ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali suna rukuni ɗaya. Ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙarfi, sai mai horarwa ya ce ai wannan ne mai baiwa. A ba shi ƙarin wasa, ƙarin kulawa, ƙarin yabo, har ya zama gwanin da gaske. Ƙaramin kuma ya gaji da zaman benci ya bari.

Su tazarar watanni ce ta yi musu wannan ɓarna. Mu a nan tazarar shekaru ce. A aji ɗaya na CM2 ina iya samun ɗan shekara goma sha ɗaya da ɗan sha biyar, saboda wani ya shigo a makare daga ruga, wani ya maimaita aji, wani takardar haihuwarsa a kotu aka yi ta daga baya aka sa masa 1 ga Janairu. Yanzu da na koma na duba, yaron da na ba riga bara ya girmi mai tsaron gidan da aƙalla shekara biyu. Ashe rabin abin da na yaba, girman jiki ne, wanda ba shi ya yi wa kansa ba. Kuma wannan ɗabi'a ta neman babba don a ci wasan yau ba a filin lakwal take tsayawa ba. A 2009 an fitar da Nijar daga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Aljeriya kan batun shekarun ɗan wasa, Malawi ta ɗauki gurbinmu ta tafi gasar duniya. Abin kunyar ya fito a sama ne, amma tushensa yana ƙasa, a wurinmu, duk ranar da muka ajiye ƙaramin ɗalibinmu muka aro ƙaton unguwa don mu doke makarantar maƙwabta.

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne. A filin kokawar gargajiya, takobi ɗaya ne kuma mutum ɗaya ke ɗaukarsa, kamar yadda Issaka Issaka ya ɗauka a Agadas a Disambar 2023. Amma ana karrama gwanin kirari, ana karrama gwanin rawa, kuma jama'a na zuba wa ɗan kokawar da ya faɗi kuɗi idan ya yi faɗuwar maza. Makaɗi ba ya jira sai ka yi kaye kafin ya kira sunanka da na garinku. Mun san wannan tun kaka da kakanni. A makaranta ne muka manta.

A makarantar horas da malamai an koya mana cewa awon ɗalibi iri biyu ne: ka auna shi da sauran 'yan aji, ko ka auna shi da kansa na jiya. Mun rubuta wannan a jarrabawa, mun ci, mun fito mun ci gaba da yin na farkon kaɗai. Bana na sayi kaye ɗaya na dala arba'in, na ba kowane ɗan wasa shafi. A watan Oktoba na rubuta abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa, a gabansa, da bakinsa. Wannan ba ya buga da ƙafar hagu. Wannan yana zagin alƙalin wasa. Wannan sai an fara yake isowa. A kowane wasa kuma akwai yaro ɗaya daga cikin masu jiran canji da ke riƙe da kayen, yana rubuta wanda ya ci, da wanda ya ba shi, da wanda ya ƙwato ƙwallon tun farko. Abin ya ba ni mamaki. Cikin mako uku gardamar da suke yi a hanyar gida ta canja. Da ana cewa ni na ci, yanzu ana cewa mushe, ni na ba shi, bai rubuta ba. Har yanzu gardama ce, amma na fi son wannan.

Wani abokin aikina ya ce min wannan lalata yara ne. Idan kowa ya samu kyauta, in ji shi, kyauta ta zama sadaka, kuma duniya ba haka take ba. Ina ganin yana da rabin gaskiya. Yara ba wawaye ba ne. Idan ka tara su ka ce duk kun yi ƙoƙari, sun san ba ka kalli kowa ba. Yabon jimla bai fi shiru da komai ba. Ni ba shi nake nufi ba, kuma ban ce a hana gwani rigarsa ba, yabon gwani ya zama dole. Abin da nake nufi ya fi wahala: ka iya tsayawa gaban jama'a ka ce wane, a Oktoba ba ka buga da hagu, a Afrilu da hagu ka miƙa ƙwallon da muka rama da ita. Wannan sai wanda ya yi wata tara yana kallo. Kuma akwai yaron da shafinsa bai canja ba, wanda har yanzu yana zagin alƙali. Shi ba zan ƙirƙiro masa yabo ba. Na kira shi gefe na nuna masa shafin, ya gani da idonsa.

Ku kuma iyaye, ina da roƙo. Na san da yawanku kallon ɓata lokaci kuke wa ƙwallo, wasu kuma sun wuce gona da iri suna ganin ɗansu gobe zai tafi Turai ya aiko da mota. Gaskiya ita ce ko Akokana FC ko Urana na Arlit, ƙalilan ne daga yaranmu za su taɓa sa rigarsu, balle Mena. Abin da yaro zai fita da shi daga fili shi ne zuwa kan lokaci, da haƙuri idan an kayar da shi, da iya aiki da wanda ba ya so. Duk wanda ya yi aikin karɓa-karɓa a mahaƙar gawayi ko a tashar lantarkin nan da ke haska Arlit da Agadas ya san darajar mutumin da ba a jin sunansa amma idan bai zo ba komai ya tsaya. Idan ɗanku ya dawo da yamma ƙafa duk ƙura, tambayar da kuka saba yi ita ce, kun ci? Ka ci nawa? Ku gwada wata. Wa ka ba? Me ka iya yau da ba ka iya ba wancan watan? Ranar farko zai yi muku kallon mamaki. Kada ku fasa.

Su 'yan mata ma, waɗanda muke bari a bakin fili suna riƙe wa maza jakunkuna, maganarsu tana nan, kuma ta fi wannan nauyi. Bana guda shida sun nemi in buɗe musu shafi a kayen, na buɗe.

Wata biyu da suka wuce na haɗu da mahaifiyar tsohon mai tsaron gidanmu a kasuwa. Bayan gaisuwa na ce mata, Inna, ko kin san ɗanki ya tare fenariti biyu a wasa ɗaya? Ta ce ba ta san mene ne fenariti ba. Na yi mata bayani a tsaye, ga buhun gawayi a gabanta. Ta yi shiru, sannan ta ce bai taɓa faɗa mata ba. Ta ce yana kira ranar Juma'a idan ya samu layi. Na rubuta mata lambata a bayan wata takarda, na ce idan ya kira ta ce masa mushe yana nemansa, kuma wanda ya gaje shi a raga har yanzu yana rufe ido.