Mu ne muke kai wa tsofaffinmu ƙarya

Wata takwas kawuna ya yi yana haɗiyar wasu ƙwayoyi, wai da ciyawar teku aka yi su, wai suna narkar da kansar furostat, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Jika goma sha biyar kowace kwalba. Raguna biyu suka tafi. Wa ya kai mishi labarin? Ba mai lasifika na kasuwar Ƙonni ba ne. Ɗan lakwal ne irinmu, ya gani a WhatsApp, ya karanta mishi da Faransanci, tsoho ya ce ai mai ilimi ya faɗa.

To, bari mu yi gaskiya. Binciken akwai shi. A cikin ciyawar teku mai ruwan ƙasa akwai sinadarin da ake kira fukoidan. Masana sun zuba shi kan ƙwayoyin kansar furostat da aka rena cikin ɗakin gwaje-gwaje, wasu suka mutu. Sun gwada kan ɓeraye, ƙari ya rage girma. Amma kawuna ba ɓera ba ne, cikinsa kuma ba faranti ba ne. Ko jabel ka zuba a faranti, ƙwayoyin kansa za su mutu. Sai mu sha jabel?

Teku ta taɓa ba da magani, ban musa ba. Sitarabin, da ake ba masu kansar jini tun 1969, daga binciken soson teku ya samo asali. Sai dai shekaru aka kwashe ana gwaji kan mutane, ana auna yawan da za a sha da illarsa. Fukoidan bai tsallake wannan siraɗi ba. Mai kwalba ya tsallake mishi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin. Fitsarin tsoho in ya fara sarƙewa, sau da yawa kumburi ne na shekaru, ba kansa ba, kuma yana da magani. In ma kansar ce, da wuri ake cin ta. Awon jini na PSA da duban likita su ke nuna hanya. Galmi na nan kusa, Sakkwato na tsallaken iyaka, Yamai tana da cibiyar kansa mai gashi tun 2021. Kunya ke hana dattijo faɗin ciwon mara, mu kuma maimakon mu raka shi likita sai mu miƙa mishi salula.

Ranar da muka kai kawu, ciwon ya riga ya shiga ƙashin baya. Kwalaben nan takwas suna ɗakin inna, tana zuba gishiri a ciki.