FILIN MASU MOTA: Kafin A Sauke Giya

Babu maganar da ke kaɗa hantar mai tsohuwar mota kamar makanike ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, sai an sauke giya." Idan giyar otomatik ce kuwa, watau mai canja kanta, kuɗin aikin kan kusa kai rabin darajar motar. Alhali sau da yawa ciwon bai kai nan ba.

A ɗauki Marsandi 230E, wadda aka fi sani da V-boot, da ta shiga kasuwa a 1985, har yau kuwa ana hawanta a Legas da Kano. Giyarta huɗu ce ta gaba, kuma mai ne ke tafiyar da ita. Saboda haka daga man za a fara bincike.

Mai mota ya ɗan zagaya har inji ya yi zafi, ya tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ya sa giya a P, sa'an nan ya zaro sandar awo inji yana aiki. Lafiyayyen mai ja ne garau. Idan ya ragu, mota takan yi jinkirin shiga giya da safe, ko inji ya yi ta kuka ba ta ja. Idan ya koma kamar madara, ruwan lagireto ne ya shiga, tilas a gyara lagireton. Idan kuwa ya yi baƙi yana ƙauri, faifan kuloci na ciki sun ƙone, nan ne maganar makanike ta tabbata. Ƙa'idar kamfani ita ce a canja mai da matatarsa kowane kilomita 60,000, kuma kada a zuba baƙin man inji a madadinsa.

Bayan mai sai siririn tiyo da ya taso daga inji zuwa wata 'yar na'ura a jikin giya. Iskar da inji ke zuƙa ta cikinsa ita ke tausasa canji. In tiyon ya tsage, sai giya ta riƙa shiga da fizga kamar harbin jaki. In kuma robar cikin na'urar ta huje, inji zai riƙa shanye man giya, farin hayaƙi ya fito ta salansa, mai yana raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba.

Har ila yau akwai wayar da ta haɗa totur da giya. Idan ta saki ko ta ɗaure, canji yakan zo da wuri ko a makare.

Duk wannan bincike bai wuce sa'a guda ba. Wanda ya yi shi kafin ya je gareji, ya san abin da zai biya da dalilin biyansa. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.