TURANCIN BURGA YA ISHE MU HAKA NAN

Jama'a, wata cuta ta kama 'ya'yanmu 'yan makaranta a nan Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabo ta Badun. Yaro zai kwana yana haddace manyan kalmomin Turanci saboda jarrabawar WAEC, ya fito tsakar gida yana zuba su, uba kuwa sai washe baki, wai ɗansa ya zama Bature. Amma ranar da mai gidan haya ya aiko da takarda mai ɗauke da "quit notice" da "forfeiture", sai yaro ya karanta tiryan-tiryan, a ce ya fassara, ya kama susar ƙeya. Alhali kuwa cewa aka yi a tashi a bar gidan, kuma kuɗin da aka ajiye sun bi ruwa. In wannan ba karatun aku ba ne, to mene ne?

Mun ji wasu malamai suna cewa ai mai gyaran takardar jarrabawa manyan kalmomi yake so. Ina! Kalmar da aka jefa inda ba muhallinta ba, jan biro ne rabonta.

Bari mu tuna wa ɗalibai cewa da irin waɗannan kalmomi ake shafa wa talaka zuma a baki. A 1982, zamanin Shagari, aka ce "austerity", wato tsuke bakin aljihu. A 1984 aka ce "retrenchment", wato sallamar ma'aikata. A 1986, zamanin Babangida, aka ce "devaluation", wato karya darajar Naira. A 2023 kuma aka janye "subsidy", wato tallafin man fetur. Mu baƙi ma akwai tamu, "non-indigene", wadda ake liƙa wa yaro ko da a garin aka yanke masa cibiya. Wanda ya san ma'anarsu ya san abin da ke tafe, wanda bai sani ba sai dai ya gani a tukunyarsa.

Maganin ba wuya. Neil Skinner ya fitar da ƙamus na Turanci da Hausa a 1965, Roxana Ma Newman kuma ta fitar da nata a 1990. Ya ku iyaye, duk kalmar da yaro ya kawo gida, ku sa shi ya faɗi ma'anarta da Hausa yadda kakarsa za ta gane. In ya kasa, bai iya ba tukuna. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, amin.