Sharhinmu: A Koya wa Yaro Gano Kan Magana a Turanci

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa Gwamnatin Tarayya ta janye tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare, wanda Malam Adamu Adamu ya bayyana a watan Nuwamba na 2022 sa'ad da yake kan wannan kujera, ta mayar da Turanci harshen koyarwa. Masana na ta muhawara a kai, kuma ƙungiyarmu tana da bakin magana. Sai dai duk inda muhawarar ta tsaya, mu ne za mu shiga aji ranar Litinin da alli a hannu, mu fuskanci yaran Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan fadama, waɗanda da Hausa suka buɗi baki, wasu da Zabarmanci ko Fulatanci. Saboda haka muka keɓe wannan shafi ga wani al'amari da yake ƙarami a ido, amma yana kayar da yaranmu tun daga aji huɗu har zuwa zauren jarrabawar WAEC da NECO, wato yadda Turanci yake jera kalmomi kewaye da suna.

Masana nahawu suna kiran wannan jeri yankin suna. Gungun kalmomi ne da ke aiki tamkar suna guda a cikin jimla, kuma a cikinsa akwai kalma ɗaya da ake kira kai, wadda ita ce ainihin abin da ake magana a kansa, sauran kuwa bayani suke ƙara mata. Ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, domin marigayi Farfesa M. K. M. Galadanci a kan yankin suna na Hausa ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Landan a 1969. Abin da ya kamata kowane malami ya riƙe shi ne, idan suna biyu suka haɗu, Hausa tana sa kai a gaba, Turanci yana sa shi a baya. Mu muna cewa kasuwar kifi, mu fara da kasuwa domin ita muke nufi. Turanci yana cewa "fish market", ya jinkirta kasuwar zuwa ƙarshe. Idan aka juya kalmomin aka ce "market fish", an koma maganar kifin kasuwa ke nan. Haka "rice farm" gonar shinkafa ce, "well water" kuma ruwan rijiya ne. Yaron da ya karanta "well water" da kunnen Hausa zai ɗauka rijiya ake nufi, alhali ruwa ake tambayarsa.

Mu duba sunan bikin da ya fito da garinmu a idon duniya, wanda aka soma a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016. A Turance ana rubuta shi "Argungu International Fishing and Cultural Festival". Kalma shida ce, amma sai a ta shida mai karatu yake sanin cewa biki ake magana. A Hausa kuwa da biki ake farawa: bikin kamun kifi da al'adu na ƙasa da ƙasa na Argungu. Haka sunan hukumar da ke kula da makarantunmu, "Kebbi State Universal Basic Education Board", sai an wuce kalma biyar kafin a iso ga hukuma. Yaron da ya saba samun kan magana tun daga kalmar farko, an ɗora masa aikin riƙe kalma biyar a ransa yana jiran ta shida. Idan ba a gaya masa cewa jira ake yi ba, sai ya kama ta farko ya tafi da ita.

Turanci yana da wata hanya ta biyu wadda ta yi daidai da tamu, ita ce amfani da "of". A cikin "bag of rice" buhu ne a gaba kamar yadda muke cewa buhun shinkafa. Wahalar tana zuwa ne in an gama hanyoyin biyu wuri ɗaya, kamar a sunan kwalejin da ta yaye da yawa daga cikinmu, "Adamu Augie College of Education", inda kai ya faɗo a tsakiya. Ƙa'idar da za a ba yaro mai sauƙi ce: ya bi jerin har ya ci karo da "of" ko "in" ko "who" ko aikatau, sunan da ya bari a baya kai tsaye shi ne kai.

A wajen sifa, Hausa ta ba mu rabin hanya kyauta. Muna cewa farin doki, muna kuma cewa doki fari, don haka sa sifa gaban suna ba sabon abu ba ne ga yaro. Bambancin yana wuri uku. Na farko, sifar Hausa tana bin jinsi da adadi, a ce farin doki, farar riga, fararen dawaki, ta Turanci kuwa ba ta motsi, shi ya sa yaro yake rubuta "whites horses" yana ganin ya kyauta. Na biyu, da yawa daga abin da Turanci ke faɗa da sifa mu da suna muke faɗarsa, mu ce kogi mai zurfi, ko kogin yana da zurfi, daga nan ne "the river has deep" take fitowa a littattafan da muke dubawa. Na uku, in sifofi suka taru, Turanci yana da jerin da yake bi: ra'ayi, girma, shekaru, siffa, launi, asali, abin da aka yi abu da shi, sa'an nan amfaninsa. Shi ya sa ake cewa "a big old wooden fishing canoe", ba a cewa "a wooden old big canoe". Wanda aka haifa cikin harshen da kunne yake sanin wannan jeri. Yaron Matan Fada kuwa sai an nuna masa.

Harɗaɗɗen suna ma muna da irinsa a gida. Kowa ya san farar hula ba hula ba ce, baƙin ciki kuma ba launi ba ne. Haka "blackboard" allon aji ne ko da kore aka shafa masa, amma "black board" kowane katako ne baƙi, kuma a baki ana rarrabe su da inda aka ɗora nauyin murya. Akwai kuma wata ƙa'ida da yara ke yawan tuntuɓe a kanta, ita ce sunan farko yawanci ba ya ɗaukar jam'i: "shoe shop" ake cewa ko takalma dubu ne a shagon, "a three-year course" ake cewa ba tare da harafin jam'i ba.

Illar rashin gane kai tana bayyana ne sosai a cikin jimla, domin aikatau na Turanci da kai yake daidaitawa. A cikin "The price of the fishing nets is high", farashi ne kai, shi ya sa aka ce "is". Yaro kuwa sai ya dubi sunan da ya fi kusa da aikatau ya rubuta "are". Abin bai tsaya a darasin Turanci ba. Tambayar lissafi da ta ce a nemo "the total cost price of five rice bags" yankin suna ce daga farko har ƙarshe, kuma yaron da ya iya ninkawa sarai yana iya faɗuwa domin bai gane abin da aka ce ya nemo ba. Tunda ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, tuntuɓen aji huɗu yana iya rufe wa yaro ƙofa bayan shekara takwas.

Matsayinmu shi ne, haddace cewa sifa kalma ce mai bayyana suna ba ta wadatar ba. Hanya mafi kusa ita ce a ajiye harsunan biyu gefe da gefe a kan allo, a ja layi ƙarƙashin kai a kowanne, yaro ya ga da idonsa yadda ɗaya ya juya ɗaya. A saba masa da tambaya guda kafin ya amsa komai: a nan, wane abu ake magana a kai? Kayan aikin ba sa bukatar kuɗi, domin allunan shaguna da na ofisoshi da buhunan taki da kwalayen magani cike suke da misalai. Amfani da Hausa minti biyar don warware wannan ƙulli hidima ce ga Turancin kansa, kuma muna roƙon masu duba makarantu su ɗauke shi a haka.

Muna kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ta sa kwatanta ginin Hausa da na Turanci cikin bitar da ake shirya wa malamai, muna kuma roƙon sassan Hausa da Turanci na kwalejinmu ta Argungu su haɗa hannu su fitar da ɗan littafin jagora da misalan wannan yanki. Gwamna Nasir Idris ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa kafin ya hau mulki a 2023, don haka muna sa ran wannan roƙo zai sami kunnen da ya san aji. A namu ɓangaren, reshe zai so kowace makaranta ta ware zama ɗaya a zangon nan, malaman Turanci da na Hausa da na lissafi su tattara kurakuran da suka fi maimaituwa a littattafan yara, su aiko wa sakatariya domin mu buga su a fitowa ta gaba tare da hanyoyin gyara.

Iyaye ma suna da rabo a aikin, ko da ba su ji Turanci ba. In kun fita da yaro kasuwa, ku sa shi ya karanta allon shago ya fassara muku. In ya ce kifin kasuwa a inda kuke ganin kasuwar kifi, ku da kanku za ku gane ya juya maganar, ku sa shi ya sake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa yaranmu buɗi, ya kuma saka wa malamai da alheri.