Ciwon Zuciyar Masu Jego: A Kawo Binciken Ƙauyuka

Mai karatu, idan mai jego ta fara haki da kumburin ƙafafu, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen magani a kemis; mai yiwuwa zuciyarta ce ta raunana. A shekarun 1970, likitocin Zariya sun danganta cutar da kunun kanwa da wankan jego. Daga baya, binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano ya gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar. A ganina, bai dace bincike ya tsaya a birane ba, domin matan Talata Mafara, Bakura da Maradun ma suna haihuwa. Ka garzaya da ita asibiti, kuma idan likitoci sun nemi yardarta ta shiga bincike, ka ƙarfafa mata gwiwa.